Littafin Ladi Ba Shi da Ɗinki

Asabar, 7 ga Maris 1970, bayan la'asar

Na iso gida jiya a motar katako, tun hutu bai yi ba. Shugabar makaranta ta tara mu ta ce kowa ta haɗa akwatinta, saboda ciwon nan na sanƙarau da ke yawo a garuruwa. Wai kwanan mutane da yawa a ɗaki ɗaya ba shi da kyau a wannan zafin. Ba ta faɗi ranar komawa ba.

Malama Susan, mai koya mana aikin hannu, ta biyo mu har bakin mota tana raba mana manyan takardu masu kauri. Ta ce kada mu zaci barci aka sallame mu mu je mu yi. Kowace 'yar aji uku za ta dawo da littafin da ta haɗa da hannunta, ninkakke, ɗinkakke, mai bango mai ƙarfi. Wanda ya fi kyau za a ajiye shi a ɗakin karatu da sunan mai shi. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ina so ya zama nawa. A aji ko na san amsa ba na iya ɗaga hannu, amma ɗinki kam na iya.

Ladi ƙanwata ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun fita. Tun da na ajiye akwati bakinta bai huta ba. Baba ya ce in ɗauki fatar bunsurun layyarmu in yi bango da ita, majemi ya dawo da ita ja, laushi kamar zane. Ladi ta ce ita ta yi kiwon bunsurun, don haka littafin nata ne.

Kaka yana kan buzunsa yana kallona ina ninke takardu. Ya ce, "'Yar boko, me za ki yi wa takarda da allura? Riga ce?"

Littattafansa duk warƙa-warƙa suke, ba ɗinki. Ana tara su tsakanin kwali biyu, a naɗe da fata, a ɗaure da igiya. Ya ce idan ɗalibai uku suka zo masa, kowa zai miƙa wa tasa warƙar, ba wanda zai jira wani. Malama Susan ta ce abin da ba a ɗinke ba tarin takarda ne, ba littafi ba. Ban faɗa masa ba.

Talata, 10 ga Maris, da hantsi

Ladi ta tashi da ciwon kai, ba ta son haske. Inna ta ce ta sunkuya ta wanke fuska, wuyan ya ƙi. Baba ya saɓa ta a kafaɗa sai asibiti. Inna ta bi su da tabarma da buta. Ni aka ce in zauna da Kaka.

Laraba, 11 ga Maris, da azahar

Ba a cikin asibitin take ba. An kakkafa rumfunan zana a bayansa, an zagaye da shinge, iyaye mata kaɗai ake bari su shiga. Baba yana wuni a bakin shingen. Goggo Martha maƙwabciyarmu tana aiki a can, ita ke tafiya da kwanon abincin Inna ta kawo mana labari. Na tambaye ta, ta ce, "Ana yi mata allura, 'yar makaranta. Ki yi addu'a irin taku, ni ma ina yin irin tamu."

Juma'a, 13 ga Maris, bayan sallah

Kwanon ya dawo kamar yadda ya tafi.

Lahadi, 15 ga Maris, da safe

Na share tsakar gida sau biyu, na wanke abin da ba shi da datti. Kaka ya ce idan na ƙara taɓa tsintsiyar nan zai ɓoye ta.

Da na yi niyyar cika littafin da itatuwan dajinmu, tunda Baba ma'aikacin gandun daji ne, ya san sunan kowanne. Na fasa. Kazar Ladi ta ƙyanƙyashe jiya ba ta gani ba, kuma na san za ta yi rigima. Sai na zana mata kazar da 'yan tsakinta. Kullum zan zana mata abin da ke gidan nan, idan ta dawo ta ga ba abin da ya wuce ta.

Idan ta dawo. Na rubuta shi, na duba shi, ban soke ba.

Kaka ya hana ni tawadarsa, ya ce ba ta zanen kaji ba ce. Na kankare baƙin gindin tukunya na dama da ƙaro. Shuɗi daga shunin wankin Inna, rawaya daga gangamau, ja daga lalle. Lallen yana huda takarda ya fito ta baya, dole kowace warƙa fuska ɗaya zan zana. Malama za ta ce ɓarna ce.

Laraba, 18 ga Maris, da la'asar

Yau cika-ciki. Na dafa wutsiyar layya da Inna ta adana, kamar yadda take yi kowace shekara. Ni da Kaka muka zauna gaban kwano. Ya ce, "Ci mana, yau ba a tashi da yunwa." Shi ma loma biyu ya yi. Na cire rabon Ladi na soya shi sosai don kada ya lalace.

An yi ta shiga gidan su Asibi tun da safe. Asibi ƙawar Ladi ce, tare suke zuwa makarantar allo, rana ɗaya aka kai su rumfa. Ba zan rubuta wannan ba.

Na zana tulu, da moɗa, da masallacin unguwa.

Alhamis, 19 ga Maris, da hantsi

Goggo Martha ta ce da sauƙi. Jiya ma haka ta ce.

Asabar, 21 ga Maris, da azahar

Na yi kuskure. Na dama garin rogo na manna kwalayen bango, na danne su da dutsen niƙa na bar su su kwana. Da na ɗaga, kyankyasai sun cinye gefen kamar an yi musu biki. Na zauna na yi ta kuka, har na ji kunya, don na san ba kwalin nake yi wa ba.

Kaka ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "To mai kunu, kin ciyar da baƙi. Gobe ki jiƙa ɓawon maɗaci ki dama da ruwan, mu ga wanda zai dawo neman ƙari."

Na samo wani kwalin sabulu a kanti.

Talata, 24 ga Maris, da safe

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Goggo Martha ta shigo ko sallama ba ta gama ba, ta kife kwanon a gabana ta buga gindinsa. Ba komai a ciki. Ta ce, "Ƙanwarki ta sha kunu, ta ce ba tsami, ta harare ni. Wadda ta harari mutum ai ta dawo."

Kaka ya tashi zai yi alwala alhali da alwalarsa. Baba ya dawo da azahar ya kwanta a zaure da takalmansa, bai farka ba sai la'asar. Ban taɓa ganin ƙafarsa ta kumbura haka ba.

Na zana shi da hularsa ta aiki. Na zana motar gandun daji, da dajin kansa, da gidanmu daga waje. Hannuna sai gudu yake yi yau.

Juma'a, 27 ga Maris, bayan la'asar

An aiko Baba ya koma bakin aiki, wuta ta kama a dajin wajen Kakangi kuma ma'aikata sun yi ƙaranci. Ya je shinge ya yi sallama da Inna, Ladi tana barci. Ya ce zai dawo Juma'ar da ta biyo ta sama, in Allah ya yarda.

Yau na yi ɗinki. Na jera takardun kashi-kashi, na huda gindin kowane kashi da basilla, na ja zaren da Inna ta kaɗa a kan kakin zuma har ya yi santsi. Kowane kashi sai an sarƙe shi da na ƙasansa kafin a ɗora wani. Ba a ja da ƙarfi, takarda za ta yage. Ba a sassauta, littafi zai yi ta girgiɗi. Da na gama na buɗe shi, ya kwanta shimfiɗe a kan cinyata bai rufe kansa ba. Ko na Malama da ta nuna mana bai fi shi ba. Allah ya yafe mini alfahari.

Lahadi, 29 ga Maris, da azahar

Yau Ista, amma Goggo Martha daga coci rumfa ta wuce. Na kai mata ruwa da ta dawo. Ta ce za a sallame su ranar Laraba. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce, "Littafin naki ya yi kyau. Hotuna da yawa, ko?" Na ce e. Ta ce, "Madalla."

Na ja fatar a kan bango, na lanƙwasa kusurwoyin. Kyankyasai ba su dawo ba.

Laraba, 1 ga Afrilu, da la'asar

Sun dawo. Ladi ta dawo da ƙafafunta, tana dafa Inna. Ta rame, an aske mata kai, idanun sun yi girma, amma ita ce. Na rungume ta ina jin ƙasusuwan bayanta, ban taɓa jin daɗin taɓa ƙashi ba sai yau. Ta cinye naman cika-cikinta tas.

Na ba ta littafin. Ta shinshina fatar ta ce, "Bunsuruna!" da ƙarfi sosai, har kaji suka watse. Ta ga Kaka yana gyangyaɗi a shafi na tsakiya, ta yi dariya.

Da ta juya baya na kira ta in nuna mata 'yan tsakin. Ba ta waiwayo ba. Ina jin gajiya ce.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da hantsi

Ba gajiya ba ce. Faranti ya faɗi a bayanta, ni na zabura, ita ko ƙiftawa. Na dubi Inna, Inna ta dubi murhu. Ashe sun sani tun a can.

Juma'a, 3 ga Afrilu, bayan sallah

Magana tana yi, ba abin da ya sami bakinta. Amsa ce ba ta isa gare ta. Tun jiya tambaya ɗaya take yi: "Ina Baba?"

Inna ta ce yana daji. Ta sake tambaya. Inna ta ɗaga murya, ta nuna yamma da hannu. Ladi ta dubi inda aka nuna, kuma ta can maƙabarta take. Kaka ya matso da bakinsa kusa da kunnenta ya ce, "Amarya, yana wurin aiki!" Ta ture shi. Ba ta iya karatun boko ba, a allo ma yanzu ta fara haɗa baƙi.

"Ina Baba? Don me ba ku faɗa mini? Ina Baba?"

Inna ta sa gefen zane ta rufe fuska, wannan kuwa ya ƙara ɓata abin.

Asabar, 4 ga Afrilu, da azahar

Ladi ba ta ci ba.

Goggo Martha ta ce a rumfa idan aka naɗe tabarmar wani yaro, ba wanda ke yi wa sauran bayani. Manya su yi shiru, su rufe fuska, shi ke nan. Ladi ta ga haka sau da yawa. Rabonta da Baba kuwa tun ranar da ya saɓo ta, don daga inda take kwance ba a hango shinge. Goggo ta ce jikin bai yi ƙwarin da za ta daina cin abinci ba. Ta faɗa a hankali, amma na ji abin da take nufi.

An aika Kakangi, amma ba a san ta wane gefen dajin suke ba.

Lahadi, 5 ga Afrilu, bayan la'asar

Zan rubuta wannan daki-daki, don ina so in tuna.

Da safe tana kwance ta juya wa ɗaki baya. Na ɗauko littafin na buɗe mata hoton Baba. Ta tashi zaune. Na yi sauri in nemo daji, yana can wajen ƙarshe. Kafin in kai na wuce kaza, na wuce tulu, na wuce Kaka. Na dawo baya neman mota, Baba ya ɓace. Duk lokacin da na juya shafi sai in rufe wanda take kallo. Ta fizge littafin ta koma kan Baba, ta danne shi da tafin hannu, ta fara wani irin kuka mara sauti.

Ɗinkin nan da nake alfahari da shi, shi ya hana hotuna biyu su zauna kusa da juna.

Na je na ɗauko rezar Baba. Ban tsaya tunani ba, don na san in na tsaya ba zan yi ba. Na buɗe tsakiyar kashin farko na yanke zaren. Inna ta shigo. Ni ce 'yar fari, tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "ke" ko "'yar nan". Yau ta ce, "Aminatu! Me kike yi? Aikin makarantarki!"

Na bi gindin takardun da reza ina raba su ɗaya-ɗaya. Na shimfiɗa tabarma. Na ajiye Baba. Kusa da shi na ajiye daji. Na ɗauki Baba na ɗora shi a kan dajin, na kwaikwayi mai sara da adda, na share gumi. Sannan na ajiye mota, na ajiye gidanmu. Na ɗora Baba a kan motar na tura su a hankali har ƙofar gida.

Ladi ta bi su da kallo. Ta ce, "Yana daji?"

Na gyaɗa kai har wuyana ya yi zafi.

"Bai mutu ba?"

Duk mu uku muka girgiza kai, har Kaka da ke bakin ƙofa, rawaninsa na kwancewa.

"Yaushe zai zo?"

Na ɗauko masallaci na ajiye kusa da motar. Na nuna Kaka, na yi kamar ina naɗa rawani ina saɓa babbar riga.

Ta ce, "Juma'a!"

Sai ta dubi Inna ta ce, da wannan babbar muryar tata, "To ni yunwa nake ji, ba wanda ya ba ni komai a gidan nan."

Inna ta fita da gudu tana dariya tana kuka. Ni kuwa sai a lokacin na ga na yanki yatsa.

Talata, 7 ga Afrilu, da safe

Tuwo, kunu, mangwaro biyu, ta kuma sace ƙulin Kaka.

Bangon fatar ya zama fanko. Kaka ya ce in kawo. Ya jera warƙoƙin a ciki, ya yanko siririyar igiya daga ragowar fatar, ya ɗaura ƙwayar wuri a bakinta, ya nuna mini yadda ake zagayawa a soke. Ina jira ya ce ai ya faɗa mini. Bai ce ba. Abin da ya ce shi ne, "Wannan hoton nawa ki sake shi. Duk wanda ya gani zai ce barci ne sana'ata." Ya turo mini kwalbar tawadarsa da ƙafa, yana kallon wani wuri.

Juma'a, 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Tun hantsi take zaure da warƙar Baba a hannu. Ba ta ji motar ba, amma ta ji ƙasa na rawa, ta riga kowa fita. Baba ya riga ya sami labari a hanya. Ya ɗaga ta sama yana yi mata magana, yana yi, yana yi, ya san ba ta ji amma bai daina ba. Ita kuwa ta ɗora hannu a maƙogwaronsa ta ce, "Baba, wuyanka yana ƙugi kamar mota."

Laraba, 15 ga Afrilu, da azahar

An yi ruwan farko jiya. Goggo Martha ta ce an fara kwance rumfunan, da ma in ruwa ya sauka ciwon yakan ja baya. Ta ce akwai likitan kunne a Kaduna, Baba zai kai ta bayan shuka. Ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Warƙoƙi sai ƙaruwa suke, don yanzu kowa na kawo oda. Inna ta ce in zana rijiya da alama mai nuna "kada ki je". Baba yana son gona. A ƙasan kowane hoto ina rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, Ladi ta fara gane BABA ko na rufe hoton da hannu. Da a ɗinke yake, da ban san inda zan sa sababbin ba.

Ta tambayi Asibi sau biyu. Ba ni da warƙar da zan amsa da ita. Inna ta ce a bari ta ƙara ƙwari. Na yarda, amma na gaya wa Inna ba za mu rufe fuska mu yi shiru ba, wannan kam ba za mu sake ba. Ban san ina na samo bakin faɗin haka ba. Na zana Asibi da allonta, na ajiye a akwatina. Kafin in tafi za mu zauna da Ladi, ni da Inna.

Lahadi, 26 ga Afrilu, da safe

Mun zauna ranar Alhamis. Ta yi kuka, ta riƙe warƙar, da yamma ta ci abinci. Yanzu Asibi tana cikin littafin, Ladi ta sa ta kusa da kaza.

An buɗe makaranta, anjima motar katako za ta tashi. Ba ni da abin da zan miƙa wa Malama Susan. Na yi ta maimaita abin da zan ce mata, kuma na yanke cewa a gaban aji zan faɗa, in muryata ta yarda. Wata za a sa wa suna a ɗakin karatu. Na duba zuciyata da kyau, akwai ɗan ciwo, amma kaɗan ne.

Ɗazu na shimfiɗa tabarma don in yi wa Ladi sallama. Na ajiye hotona, na ajiye mota, na ajiye makaranta. Bayan makaranta na ajiye gona da dawa ta yi tsawo, sannan na tura motar ta dawo gida. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta gane sarai. Sai ta zare makarantar daga tsakiya ta zauna a kanta, ta matso da ni jikin gidan.

Ta ce, "Yaya, littafina ne. Haka na jera shi."

Na yi dariya har na ji hawaye. Direba ya aiko sau biyu. Har yanzu ba ta tashi daga kai ba.